Ɗan Malam, Makaɗin Bariki

Gidanmu yana Ƙofar Atiku, gidan karatu ne tun kaka da kakanni. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, wana da ni. Wana ake shirya wa gadon zaure, shi ke zama dama da Baba lokacin ba da karatu, shi ke ɗauko littafi ya mayar. Ni kuwa abin da aka sani da ni kyan hannu ne kawai. In ana son a juyi wani littafi da ya tsufa, ni ake kira.

Da Nasara suka zauna da gindinsu a Sakkwato, sai suka nemi gidajen malamai su ba da masu kyan rubutu, waɗanda za su riƙa juyar takardun da ake aika wa hakimai. Baba ba ya so, amma ba ya iya cewa a'a. Ba zai ba da wana ba, saboda haka ya ba da ni. A lokacin na haura shekara ashirin, ina da mata, tana da cikin fari. Ranar da zan fara zuwa bariki na durƙusa gabansa ina jiran addu'a. Bai yi mini ba, bai kuma hana ni tafiya ba. Cewa ya yi in na dawo in riƙa wanke hannuna kafin in taɓa littattafansa.

Na yi kusan shekara ina wannan aiki, kullum a ƙasa daga gari zuwa bariki, in dawo da la'asar sakaliya. Wata rana masinja ba ya nan, aka ba ni takarda in kai gidan Likita, wani Bature dattijo mai jan fuska. Tun daga bakin shinge na ji wani sauti yana fitowa ta taga. Na san kalangu, na san goge da molo, ko da yake daga nesa, don gidanmu ba a tsayawa sauraren kiɗa. Wannan ba ko ɗaya ba ne. Murya ce a ƙasa tana tafiya a hankali kamar dattijo, wata a sama tana gudu, ta tsaya ta jira ta, su haɗu, su sake rabuwa. Na ɗauka mutum uku ne ko huɗu a ɗakin. Da na leƙa sai na ga mutum ɗaya, kuma baƙi ne irina, zaune gaban wani babban akwati mai jerin haƙora farare da baƙaƙe.

Na san shi. Akawun gidan waya ne, mutumin Ikko can bakin teku, siriri mai tabarau, wanda ba ya rabuwa da kwat ko ana tsakiyar bazara. Bai taɓa amsa gaisuwata da abin da ya wuce gyaɗa kai ba. Na tsaya nan har ya kai ƙarshe, takarda a hannuna ta jiƙe da zufa. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da Hausarsa ta bariki, "Malam, takarda ka kawo, ko kunne?"

Sunan akwatin fiyano. Na Likita ne, ya sa an hauro da shi ta kogin Kwara a jirgin ruwa, daga nan 'yan dako suka yi ta karɓa-karɓa har Sakkwato. Shi Likitan bai iya wani abin kirki da shi ba, sai ya bar Akawu yana zuwa yana kaɗawa in ya tashi aiki. Daga baya na san labarin Akawu. Tun yana ɗan shekara shida aka zaunar da shi gaban fiyano a garinsu, har malaminsa ya yi alkawarin tura shi Ingila ya ƙaro sani. Sai ubansa ya mutu ya bar masa ƙanne. Ya shiga aikin waya, aka jefo shi wuri mafi nisa da ake da shi. Bai taɓa yafe wa kowa wannan ba, har mu da ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba.

Gara ce ta haɗa mu. Ta shiga akwatin littattafansa na kiɗa da damina, ta cinye gefensu, wasu shafukan sun zama kamar rariya. Ya ga rubutuna a ofis, sai ya zo da kansa ya tambaye ni ko zan iya juya masa su a sabuwar takarda tun yana tuna abin da ya ɓace. Na karɓa. Layi biyar-biyar ne, da ɗige-ɗige masu wutsiya a kansu, kuma daga hagu ake farawa. Na fere alƙalamin gamba, na dama tawadar gida, na yi wata da watanni ina zana abin da ban san ma'anarsa ba. Ranar da na kai masa littafi na uku na ce masa ba na son lada. Abin da hannuna ya rubuta, ina son in san yadda ake fitar da shi.

Ya kama yatsuna ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ya sake su.

"Sun bushe," ya ce. "Ku ne kuke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Na ce, "A gwada. In ya karye, nawa na."

Ya sa kafintan bariki ya yanko mini dogon katako, na zana haƙoran fiyano a kai da tawada, daidai da faɗinsu. Wannan nake ɗorawa a cinya a ɗakina bayan sallar asuba, ina bugun icce da ba ya cewa komai. Matata da farko dariya take yi, tana cewa ko aljanu nake wa lissafi. Fiyano na gaske kuwa sau biyu a mako nake taɓa shi, lokacin da Likita yake asibiti.

Akawu ba malami ne mai sauƙi ba. Da rula yake zama, in yatsa ya kauce ya sauke mini ita a kan gaɓa, ni da nake magidanci mai 'ya. Yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, yana buga ƙafa a ƙasa, in na yi sauri ya ce doki nake kora, in na yi jinkiri ya ce gawa nake rakiya. Ya koya mini karanta rubutun, ya koya mini yadda hannun hagu zai yi nasa ba tare da ya saurari na dama ba, wanda ya fi komai ba ni wuya. Zafin garinmu yana sassauta wayoyin da ke cikin akwatin, muryarsa ta karkace, sai muka kai wa wani maƙeri a kasuwa misali ya ƙera mana mabuɗin ɗaure su, Akawu ya koya mini ji da kunne har waya ta koma daidai. Bai taɓa ce mini na yi kyau ba. Sau ɗaya, a shekara ta biyar, na gama wani kiɗa mai sanyi na wani Bajamushe da ya daɗe da mutuwa, ina jiran rula, ba ta sauka ba. Can ya ce, "Sake." Na ce ina na ɓata? Ya ce, "Ba ka ɓata ba. Sake." Wannan ne yabon da na samu daga gare shi, kuma ya ishe ni kwana da kwanaki.

Zazzaɓi ya kashe shi a damina ta gaba, cikin kwana huɗu. Aka rufe shi a bayan bariki inda ake rufe baƙi irinsa. Na je, amma daga nesa na tsaya, ƙarƙashin wata bedi, kamar mai wucewa, don kada wani ɗan gari ya gan ni a bakin kabarin wanda ba musulmi ba. Mutumin da ya yi shekara shida yana zuba mini abin da ya sani, ban iya taka ƙafa goma na ƙarasa ba. Ya bar wasiyya a ba ni littattafan.

Har zuwa lokacin mutanen gidanmu ba su san komai ba sai matata. Abin ya fashe ne ranar wani shan shayi da Likita ya shirya wa Turawan bariki da wasu baƙi, da la'asar. Tun mutuwar Akawu ni ya bari ina zuwa ina kaɗa fiyanon, sai ya ce yana son in kaɗa musu, kuma in zo da babbar riga da rawani. Na yi murna, wauta ta sa ban tambayi kaina me ya sa sai da rawani ba. Na zaɓi kiɗa mafi tsawo da na iya, mai kashi uku, wanda na yi wata takwas ina gyara shi.

Da na fara, sun yi tsit. Na ɗauka kiɗan suke ji. Ashe ni suke kallo. Kafin in fita kashi na farko sun gama mamakinsu sun koma hira, cokula suna ƙara a kofuna. Wani ya zo ya tsaya a kaina yana leƙen yatsuna. Da na kai wurin da kiɗan yake yin ƙasa, wurin da Akawu yake cewa a nan ake gane mai kiɗa, sai wani baƙo, Bature mai sayen fata, ya ciro sule ya jefo mini, yadda ya ga ana yi wa masu kalangu a kasuwa. Sulen ya faɗo kan haƙoran, ya gangara ya tsaya a gefen hannuna. Aka yi dariya. Likita fuskarsa ta ƙara ja, amma shi ma ya yi dariyar. Na ƙarasa kiɗan har ƙarshe, don an koya mini ba a tsayawa a tsakiya. Na tashi na bar sulen inda yake. Da zan fita wani ya kama hannuwana yana juya su, yana nuna wa abokinsa, kamar mai taya rago.

Kukun Likita ɗan unguwarmu ne. Kafin kwana biyu babu zauren da ba a ji ba cewa ɗan Malam ya zama maroƙin Nasara, da rawaninsa.

Baba ya kira ni da hantsi, bayan masu karatu sun watse. Wana yana zaune a damansa, idonsa a kan littafi.

"Zamna," in ji Baba. "An ce mani kiɗi kaka yi ma Nasara."

Na ce, "Baba, ba irin kiɗin da anka sani ba na. Babu roƙo ciki, babu kirari, ba a ambaton sunan kowa. A rubuce yake cikin littahi, da ƙa'idodinai, kamar nahawu."

"Kada ka sake haɗa shi da nahawu gabana." Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. "An jehwa maka kuɗɗi, ko ba a jehwa ba?"

"An jehwa."

"To mi yar rage?"

"Ban ɗauka ba, Baba."

Ya ce, "Maroƙin da bai duƙa ba, shi ma maroƙi na. Girman kai ɗai yaƙ ƙara."

Ya ba ni zaɓi, in rantse na bar abin har abada, ko in bar zama zaurensa. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Ya ce wanda ya nemi kwana biyu a kan irin wannan ya riga ya zaɓa. Da yamma wana ya shigo ɗakina ya kwashe littattafan addinin da Baba ya ba ni, ya ce zai adana mini.

Ba a kore ni daga gida ba, ba a yi mini baki ba. Da ma an yi, da na san inda na tsaya. Abin da aka yi ya fi wannan daɗewa a jiki. Buzun da nake zama a kai a zaure ya ɓace. In Baba da wana ba sa nan lokacin salla, a da ni ake turawa gaba, yanzu sai a tura wani ɗalibi da ni na koya masa baƙi. A wurin wani suna mai rabon goro ya wuce ni a sahun malamai, sai da ya zo kan maroƙa ya waiwayo ya miƙo mini, yana murmushi. Na yi wata biyu cur ban taka gidan Likita ba, na ɓoye katakon a bayan tukunyar ruwa, ina zuwa gaida Baba safe da yamma. Yana amsawa kamar yadda yake amsa wa mai tallan itace. Buzun bai dawo ba. Da na ga an riga an yanka mini suna, kuma barin bai saye mini komai ba, sai na koma. Tun da na sha dukan, gara in ci abin da aka doke ni dominsa.

Da Likita ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu, ɗaukar fiyano ya fi ƙarfinsa, sai ya bar wa makarantar gwamnati, ya kuma yi magana aka mayar da ni can malamin waƙa. Na ɗauka wata ƙofa ce ta buɗe. Ranar farko na shiga aji na tarar da 'ya'yan manyan gari, na rubuta layi biyar a allo, na fara bayani. Wani dogo a baya ya harɗe hannuwa ya ce, "Malam, ubana bai aiko ni in koyi roƙo ba." Sauran suka bi shi. Baturen makaranta kuma ba abin da nake da shi yake so ba. Waƙar maci yake so, da waƙar sarkin Ingila ranar biki, yara su buɗe baki su rufe a lokaci ɗaya. Kiɗan da za a koya wa yaro cikin mako guda, shi na yi shekaru ina maimaitawa.

Ɗalibaina na gaske 'ya'yan 'yan kudu ne, akawuna da kafintoci da masu aikin asibiti, waɗanda iyayensu ke kawo mini su bayan an tashi makaranta. Wasu suna da kunne ƙwarai. Ban taɓa ɗaukar rula a kansu ba. Amma da yaro ya fara kama hannu, shekara biyu ko uku, sai a ɗauke ubansa zuwa wani gari, a zo a yi mini sallama a tafi. Shuka na yi ta yi a gonar aro. Ko ɗaya ban ga girbinsa ba, ko ɗaya bai taɓa rubuto mini ba.

Wadda ta fi su duka tana cikin gidana. 'Yata ta fari, wadda aka haifa shekarar da na fara aikin bariki, ta taso tana ganina da katakon nan. Ban koya mata da niyya ba. Wata rana na dawo na same ta zaune da shi a cinya, yatsunta suna bin abin da nake bi da asuba, ba kuskure, tana rera sautin a maƙogwaro baki rufe, yadda take jin ina yi. Sai na fara nuna mata rubutun. Kafin ta kai shekara goma sha biyu tana karanta shafin da ni sai na tsaya na ƙirga. Hannunta na hagu bai taɓa ba ta wahalar da nawa ya ba ni ba. Icce ne ɗanye, irin wanda Akawu ya so ya samu bai samu ba. Kuma ba ta taɓa jin muryar fiyano ba, ko sau ɗaya.

Takan ce, "Baba, yaushe za ka kai ni in ji shi?"

In ce, "Bari a yi hutu, makaranta ta watse."

Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Mabuɗin ɗakin yana aljihuna, tafiyar ba ta kai awa guda ba. Tsoro ne ya hana ni. Ina tunanin abin da za a ce in an ga 'yar gidanmu a bariki, ni da aka riga aka gama faɗin komai a kaina. Na ƙi kai ta don in tsare mata mutunci.

Mutuncin bai tsaru ba. Da ta isa aure wani saurayi ɗan gidan masu sayar da tufafi ya neme ta, yaro mai hankali, ita ma tana son sa. Magana ta yi nisa, har baffanninsa sun zo gaisuwa. Bayan mako biyu suka aiko wata tsohuwa ta gaya wa matata cewa sun yi bincike, gidansu ba sa haɗa iri da makaɗa. Na tafi wurin Baba, karo na farko da na roƙe shi wani abu tun ranar nan. Na ce jikarsa ce, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya ce, "Mi za ni ce masu? Ƙarya sunka yi?"

Da na dawo gida na tarar da ita a madafa tana tuƙa tuwo. Katakon yana cikin murhu, ta karya shi biyu, rabi ya riga ya ci wuta, ina ganin zanen tawadata yana baƙi. Ba ta yi kuka ba, ba ta dube ni ba. Ta gyara itacen da ƙafa ta ci gaba da tuƙi. Daga baya ta auri wani manomi mai ɗan karatu a ƙauyen Arkilla, mutumin kirki, ta haifi 'ya'ya bakwai. Tana zuwa gaishe ni, tana kawo mini gero da man shanu. Ba ta sake ambaton kiɗa a gabana ba, ni ma ba ni da bakin da zan ambata.

Fiyanon bai daɗe bayan haka ba. Aka kawo sabon Baturen makaranta wanda ya ce darasin waƙa ɓata lokaci ne, ya soke shi, ya mayar da ni koyar da rubutu. Aka tura akwatin ɗakin ajiya mai yoyo. Na roƙa a bar ni in sa ƙafafunsa cikin gwangwanayen kananzir saboda gara, aka ce ba aikina ba ne. Da aka dawo daga dogon hutu na buɗe shi, ƙasa ta cika cikinsa har wuya. Kafinta ya ɓaɓɓalle abin da ya yi saura ya yi benci da murfin. Wayoyin kuwa yaran makaranta suka kwashe, suna ɗana wa kurciya tarko da su a bayan fili. Ina wucewa ina ganinsu.

Na koyar da rubutu har na yi ritaya. Baba ya rasu ba mu sake wata doguwar magana ba. Wurin rabon gado aka ce littattafai su zauna zauren wana gaba ɗaya, har da nawa da ya adana, kada su shiga gidan kiɗa. Ban yi musu ba. Na sayi ɗan fili wajen Minanata, lokacin duk gonaki ne, na gina ɗaki uku, muka koma ni da matata.

Shekaru da yawa bayan haka, duniya ta juya yadda ba wanda ya zata. Babban ɗan wana ya yi boko mai zurfi, aka tura shi Ingila, ya dawo aka ba shi babban muƙami da gida irin na Turawa. Wata Jumma'a bayan an sauko masallaci ya aiko mota a ɗauke ni. Na shiga falonsa na tarar da baƙi, da wana a kujera mai laushi, ya tsufa, gemu fari fat. A jikin bango ga fiyano sabo yana ƙyalli, an shimfiɗa masa ƙyalle mai ado, an ɗora hoton maigidan a kai.

Yaron ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ba ni da abin da zan ce a kansa. Ya ce, "Baffa, ashe kai ka san wanga abu tun dauri ba mu da labari? Can Ingila sai manyan mutane ka zuwa saurarenai, da tikiti. Don Allah ka ɗan taɓa muna, baƙina su ji. In ka yarda ma, ka riƙa koya ma yara."

Kafin in buɗe baki wana ya gyara zama, ya dubi baƙin ya ce, "Ai ƙanena na. Tun muna samari munka san Allah ya ba shi baiwa."

Na dube shi. Ya dube ni ido cikin ido, babu ko ɗar, ina jin har ya yarda da abin da ya faɗa. Na tashi na je na ɗaga murfin, na danna haƙori ɗaya, na danna na takwas da shi. Muryarsu ba ta haɗu ba. Tun da aka sauke shi daga mota ba wanda ya ɗaure masa waya, ba kuma wanda ya lura. Yatsuna a lokacin sanyin ƙashi ya riga ya kama su, amma da na so da na fitar da wani abu, ko kaɗan ne. Na mayar da murfin, na gyara ƙyallen yadda na same shi.

Na ce, "Na manta. A nemo masu wani daga kudu."

Ban jira abinci ba. Ya ce direba ya mayar da ni, na ce zan taka. Da na isa gida na gaya wa matata yadda aka yi. Ta ce, "Malam, da ka yi masu ko kaɗan. Yaron ga bai san komi ba."

Na ce, "Na san bai sani ba. Ubanai ya sani."

Ta ce na cika riƙo, kuma riƙo ba ya ƙara wa tsoho kwana. Na ce gaskiyarta. Yaron ya sake aiko mota sau biyu, na ce a gaya masa ba ni da lafiya, daga nan ya bari.